Tallafin fim: ta ina matasan Maijirgi za su fara?

A Maijirgi da Tasawa da Mayahi, matasa na ɗaukar bidiyo da wayar salula, amma kaɗan ne suka san akwai cibiyoyin da ke horar da sabbin masu shirya fim, har su ba su kuɗin aiki.

Ƴan Nijar sun riga sun bi wannan hanya. Sani Elhadj Magori, ɗan Galmi, ya samu horo ta shirin Africadoc, ya yi karatu a jami'ar Gaston Berger ta Senegal. Fim ɗinsa na 2008 kan manoman albasar garinsu ne. Aïcha Macky ta Damagaram ta bi ta wannan jami'a kafin ta fitar da fim ɗin «Zinder» a 2021.

A 2016 aka fara Ouaga Film Lab, wanda ya riƙa haɗa sabbin daraktoci da ƙwararru a Wagadugu. Yau kuma akwai asusun IDFA Bertha na ƙasar Holan, mai tallafa wa finafinan da ke nuna rayuwa ta zahiri.

Galibi ana neman taƙaitaccen labari, dalilin yin fim ɗin, ɗan samfurin bidiyo da kasafin kuɗi. Fim na iya zama da Hausa, amma takardun sai da Faransanci ko Ingilishi. Nan ne wanda bai yi nisa a lakwal ba ke tsayawa. Mafita ita ce ya nemi abokin aiki mai iya rubutu tun kafin a buɗe karɓar takardu.