Abin Da Ya Sa "Plateau" Ta Zama Filato

Tun zamanin Lardi, kafin a kafa jihar a 1976, Bahaushen Jos bai taɓa cewa "Plateau" ba, sai dai Filato. Wannan kuwa ba jahilci ba ne, ƙa'idar harshe ce. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko wasali tsakanin baƙaƙe biyu. Ba a fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa baki ya cusa wasali a tsakani, aka sami Fi-la-to, kamar yadda aka sami burodi da direba.

To, Sifaniyanci bai damu da wannan ba. Kalmarsu ta faranti ita ce plato, gaɓa biyu ce rak, wato pla-to. Abin da suka tsananta a kai shi ne gaɓar da murya za ta danna. In kalma ta ƙare da wasali, ko n, ko s, sai a danna gaɓar kusa da ƙarshe. In da wani baƙin ta ƙare, sai a danna ta ƙarshe. Wadda duk ta saɓa wa wannan, sai a ɗora mata 'yar alama a kan wasali. A ƙasashen Kudancin Amurka, papa shi ne dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu, amma papá uba ne. Alama guda ta raba mahaifi da abin miya.

Mu kuwa da karin sauti da tsawon wasali muke rarrabe ma'ana, amma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya. Gari na mazauni da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Bargery ya nuna waɗannan a ƙamusunsa na 1934, amma littattafan yara ba su bi sawu ba.

Ga ɗan Kano wannan da sauƙi, don kunnensa ya riga ya sani. Amma yaron Birom ko Angas da ya tsinci Hausa a kasuwa, takarda ba ta gaya masa inda zai ɗaga murya. Ya kamata malamai da masana harshe na Jami'ar Jos su duba, ko a sa alamun a littattafan 'yan aji ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.