Gane Kifayen Murjani a Bahar Maliya

'Yan'uwa manoma, Bahar Maliya da muka sani daga Littafin Fitowa tana da duwatsun murjani, musamman a gaɓar Sudan, inda Hausawa da yawa suke zaune. Ƙananan halittu ne suke gina waɗannan duwatsu, kuma da su aka yi tsofaffin gidajen Sawakin.

Kifin aku yana da sauƙin ganewa. Haƙoransa sun haɗe kamar bakin aku. Da su yake kankare gansakuka daga murjani, ya kasayar da farin yashi.

Talibambam kuwa kun san ɗan'uwansa a kogunanmu, mai kumbura in an taɓa shi. Na teku yana da dafi a hanta da ƙwai, dafuwa ba ta kashe dafin. Kada a ci.

Mafi haɗari shi ne kifin dutse. Yakan kwanta shiru kamar hoge, da ƙayoyi 13 masu dafi a bayansa. Wanda ya taka shi, a tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi wanda zai iya jurewa, a kai shi asibiti nan da nan.