Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Ɗakin Bincike: Shin Fanko Yana Haifar Da Wani Abu?

Duk wanda ya taɓa ganin wanzami yana yi wa mutum ƙaho a Azare, ya ga fanko yana aiki. Wanzami yakan tsotse iskar cikin ƙahon, ya toshe bakin, sai ƙaho ya kama fata tsam. Haka nan manoman rani na bakin kogin Jama'are, wajen garin Katagum, sun san cewa injin ban ruwa da aka ajiye a bakin rijiya ba ya jawo ruwa idan ya yi nisa ƙwarai. Kome ƙarfin injin, ba ya wuce kamar mita 10, kuma a wurin aiki ma ba ya kai haka.

Wannan matsala ce ta sa wani masani na ƙasar Italiya, Torricelli, ya yi gwaji da zaiba a cikin kwalba mai tsawo a 1643. Ya gane cewa nauyin iskar da ke bisa kanmu ne yake tura ruwa sama, fanko ba ya jan kome. To, daga nan tambaya ta taso: idan aka kwashe iska sarai, me ya rage?

Shekaru aru-aru wasu suna zaton babu abin da ya rage. Amma a 1928 wani Bature na Ingila, Paul Dirac, ya fito da lissafin da ya kai ga cewa ilektaron, watau ƙwayar da ke ɗauke da lantarki a cikin waya, tana da kishiya. A 1932 Carl Anderson ya gano kishiyar a Amurka. An kuma tabbatar cewa haske mai tsananin ƙarfi yana iya rikiɗa ya zama waɗannan ƙwayoyi biyu. A 1948 kuwa Hendrik Casimir na ƙasar Holan ya ce idan aka kusanta faifan ƙarfe biyu ƙwarai a cikin fanko za su ja juna, kuma a 1997 aka auna wannan ɗan ƙarfi. Ashe fanko yana da nasa motsi.

Iyakar abin da aka tabbatar ke nan, saura hasashe ne. A 1948 ɗin dai, Fred Hoyle da abokansa biyu, Bondi da Gold, suka ce sababbin ƙwayoyi suna ta ɓullowa kaɗan-kaɗan a sararin samaniya, don haka halitta ba ta da mafari. Ra'ayin ya faɗi bayan 1965, lokacin da Penzias da Wilson suka ba da labarin gano ragowar zafin farkon halitta. A 1973 Edward Tryon ya ce watakila sammai da taurari duka daga motsin fanko suka samo asali. Har yau babu gwajin da ya tabbatar da wannan.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, fankon masana kimiyya ba shi ne "babu" da malamai suke nufi ba, domin yana da wuri, da lokaci, da ƙa'idojin da yake bi. Saboda haka wanda ya ce kimiyya ta nuna abu yana fitowa daga babu, ya faɗi abin da gwaji bai faɗa ba.

Na biyu ya shafi aljihu. Tsadar man fetur ta sa ana tallar janareta wanda wai ba ya shan mai, wasu har suna cewa daga sarari yake ɗebo ƙarfi. To, a duk gwajin da aka yi, ƙwaya ba ta taɓa fitowa ba sai an biya ta da ƙarfi daidai da ita. In an buɗe irin wannan inji, galibi batir ne a ciki, wanda sai an yi masa caji. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manomin da yake son hutawa da sayen mai, gara ya nemi famfo mai aiki da hasken rana, domin shi an san inda ƙarfinsa yake fitowa.