Zaiba daga hayaƙin kwal zuwa kifin Nguru: Me ya sa ake buƙatar doka?

Duk wanda ya san Dapchi da Gashuwa da Nguru ya san cewa babu tashar lantarki mai ƙona kwal a arewacin Jihar Yobe. Amma dokokin da ake kafa wa irin waɗannan tashoshi sun shafi yaran yankin, domin gubar da ke fita daga bututun hayaƙinsu ba ta san iyakar ƙasa ba.

Gubar ita ce zaiba, wadda wasu ke kira makuri, wato ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da ake gani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Kwal yana ɗauke da ita kaɗan-kaɗan. Idan aka ƙona shi sai ta zama tururi ta bi iska, kuma tana iya yin watanni tana yawo, ta ci dubban kilomita kafin ta sauko tare da ruwan sama ko ƙura.

Inda ta faɗa cikin tafki ko fadama, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka sukan mayar da ita wani nau'i mafi haɗari, wanda ke maƙalewa a naman kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya haɗiye ƙarami, haka take taruwa har ta iso tukunya. Dafuwa ko banda ba sa fitar da ita. Shi ya sa maganar ta shafi fadamun Haɗejiya da Nguru, da kogin Yobe da ya ratsa Gashuwa, da Komadugu Gana da ke kusa da Dapchi, inda dubban iyalai ke rayuwa da su da cinikin kifi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zaiba cikin sinadarai 10 da suka fi barazana ga lafiyar jama'a. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan tayi, saboda gubar tana ratsa mahaifa ta isa ƙwaƙwalwar da ke ginuwa. Illar kan bayyana daga baya: jinkirin magana, raunin fahimta, da matsalar ji ko gani ko tafiya. Duniya ta ga haka a garin Minamata na ƙasar Jafan, inda a 1956 aka gano cutar da ta biyo bayan zubar da dattin masana'anta a teku, aka riƙa haihuwar yara da naƙasa.

Da sunan wannan gari aka kira yarjejeniyar da ƙasashe suka amince da ita a 2013, ta fara aiki a Agustan 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Sashe na 8 ya wajabta wa sababbin tashoshin kwal da masana'antun siminti da wuraren ƙona shara amfani da ingantattun na'urorin tace hayaƙi, ya kuma ba tsofaffi wa'adin shekara 10 a fara ɗaukar matakan rage abin da suke fitarwa.

An ga amfanin irin wannan doka a Amurka. Bayan hukumar kare muhallin ƙasar ta kafa ƙa'ida a 2012, zaibar da tashoshin lantarki ke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a cikin 'yan shekaru.

A Nijeriya, mafi yawan lantarki yana fitowa ne daga iskar gas da madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Sai dai kwal bai yi nisa da Yobe ba. Ana haƙar shi a Maiganga ta Jihar Gombe domin masana'antar siminti ta Ashaka, a Jamhuriyar Nijar kuma tashar Sonichar da ke yankin Agadas ta daɗe tana samar da lantarki da shi. Ganin yadda ƙarancin wuta ke sa ana waiwayar arzikin kwal, lokacin tsayar da ƙa'ida shi ne kafin a aza tubali, domin sanya na'urar tacewa tun a zanen gini ya fi sauƙi da araha.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da gida. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan'adam sun fitar da kimanin tan 2,220 na zaiba zuwa iska a 2015. Ƙona kwal ya kawo kusan kashi 21 cikin 100, haƙar zinariya ta gargajiya kuma kusan kashi 38. A wuraren haƙar zinariya na Zamfara da Neja ana kwaɓa zaiba da garin dutse a ƙona, sau da yawa kusa da gidaje. A Zamfara ɗin ne gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, darasin da bai kamata a maimaita da wata gubar ba.

Wannan ba kira ba ne a daina cin kifi, domin yana gina jiki da ƙwaƙwalwar yaro. Abin da ake buƙata shi ne hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tare da ma'aikatun lafiya da jami'o'in yankin, su riƙa auna ruwa da kifin Nguru da Gashuwa a kai a kai, su bayyana sakamakon da harshen da masunta da iyaye mata ke ji.