Ƙudujin da Ke Toshe Bakin Mai Gadi

Mu da ke noman wake a Parakou da Djougou mun san ɓarnar ƙuduji. Shi ma wake yana da tasa dabarar. Da zarar ƙuduji ya kama saiwarsa, sai ya kashe daidai wurin, ɓarawo ya rasa abinci. Haka waken B301 na ƙasar Botswana yake yi.

To, amma ƙudujin Zakpota, a nan kudancin Benin, ya gagare shi. A 2020 masana a Jami'ar Virginia ta Amurka suka bayyana dalili: yana tsarta wani furotin, SHR4z, cikin saiwar, ya hana waken jin shigowarsa.

Saboda haka kada mu dogara ga iri kaɗai. Mu tuge ƙuduji tun bai yi fure ba.