Bayan An Kashe Jijiyar Haƙori, Me Zai Tallafe Shi?

A masarautar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, wanda ciwon haƙori ya hana barci yakan zo wa likita da magana ɗaya: "A cire in huta." Alhali haƙora da yawa na iya tsira. Likita ya huda haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiya, ya wanke saiwa, ya toshe ta da ɗanko. Ciwo ya tafi, amma da sauran aiki.

Haƙorin ya zama kogo, bangonsa ya sirance. Mai shi ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya gatsa rake, sai ya ji ƙas, haƙorin ya dare.

A da ƙusar ƙarfe ake kafawa cikin saiwa don ta riƙe ciko. Sai dai baƙin ƙarfe ya fi jikin haƙori ƙin lanƙwasa kusan sau 10, don haka nauyin tauna kan saiwar yake sauka. In ta tsage kuwa, babu gyara. A 1990 likitocin Faransa, Duret da Reynaud, suka bayyana turken da aka yi da zaren kabon. Baƙinsa yana nunawa a haƙoran gaba, shi ya sa daga baya aka koma wa zaren gilashi, fari mai sajewa da haƙori. Dubban zaruruwa ne da ba su kai gashi kauri ba, an jera su cikin roba mai daskarewa, kamar yadda magini ke cuɗa ramno da ƙasa don kada katanga ta tsage. Turken yana ɗan sunkuyawa tare da haƙori, kuma da gam ake manna shi. Ko ya ɓaci, galibi shi ke kwancewa, saiwa ta tsira.

Duk da haka zare ba ya maye gurbin haƙorin da ya riga ya ƙare. Likitoci na son a samu lafiyayyen bango na milimita 1.5 zuwa 2 sama da dasashi, inda hular haƙori za ta kama. A nan ne jinkiri ke cutar mutanenmu, masu lallaɓa ciwo da kanumfari har haƙori ya zama kututture.

Wanda ya yi tattaki zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka kashe masa jijiya, ya tanadi kuɗin motar komawa asibitin a ƙarasa masa aiki. Cikon wucin gadi da ake fara yi yana yoyo in ya daɗe, ƙwayoyin cuta su sake shiga saiwar.