Yadda Ake Karɓo Bashi Bayan Hukunci

Duk wanda ya yi nasara a shari'ar bashi a kotunan da ke Wuse, ko da alƙali ya tabbatar masa da haƙƙinsa, to, ya sani hukunci daban, biya daban, domin wanda ake bi yana iya yin kunnen uwar shegu da umarnin kotu.

A nan Dokar Zartar da Hukunci ta 1945 ke aiki. Mai bi ya nemi takardar izini, ma'aikatan kotu su kama kayan wanda ake bi su yi gwanjonsu, amma ba a taɓa gida ko fili sai kayan ɗauka sun gaza, kuma kotu ta yarda. Dokar ta keɓe tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a, sai dai, abin dariya, ƙimar da ta ƙayyade naira 10 ce tak. Ana kuma iya umartar banki ya miƙa kuɗin wanda ake bi da ke ajiye gare shi; in dukiyar gwamnati ce a hannun jami'inta, sashe na 84 ya shardanta amincewar Antoni Janar.

A ɓangaren shari'ar Musulunci kuwa, fuƙaha'unmu sun bambanta matalauci, wanda ake jinkirta masa, da mawadaci mai taurin bashi, wanda alƙali ke tsare shi har ya biya.